Masu ɓatar da sawun kuɗin damfarar intanet suna cikinmu

Mutumin da ya zauna gaban kwamfuta ko ya riƙe waya ya damfari wani, abin da yake samu da farko lambobi ne kawai a cikin wani asusu. Lambobin nan ba sa sayen buhun masara, ba sa biyan sadaki, ba sa aza tubali, har sai an sami wanda zai mayar da su kuɗin da za a kashe ba tare da kowa ya tambayi asalinsu ba. A wannan gaɓar ce ɗan damfara yake buƙatar jama'a, kuma a nan ne maganar ta shafe mu, mu mazauna Garwa da Marwa da Ngaundere da Kuseri har zuwa Njamena, ko da kuwa mafi yawanmu ba mu san yadda ake kutse cikin kwamfutar wani ba. Abin da nake gani shi ne, duk wanda ya ba da aron asusunsa ko layin wayarsa ko katin shaidarsa ko sunan shagonsa domin kuɗin da bai san tushensu ba su ratsa ta ciki, yana da kaso a cikin satar, kuma garin da ya daina tambayar inda dukiya ta fito shi ne ke ba wannan sana'a masauki.

Girman abin ya wuce yadda ake ɗaukarsa a majalisar shayi. Hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta bayyana cewa ƙorafe-ƙorafen laifukan intanet da suka iso gare ta a 2023 sun ƙunshi asarar da ta haura dalar Amurka biliyan 12.5, a 2024 kuma ta haura biliyan 16, kuma wannan lissafin waɗanda suka kai kuka wurinta ne kaɗai. A nahiyarmu, samamen da 'yan sandan ƙasa da ƙasa na Interpol da Afripol suka jagoranta a watannin Satumba da Oktoba na 2024, wanda aka yi wa laƙabi da Serengeti, ya kai ga kama mutum 1,006 a ƙasashe 19, an kuma gano mutum fiye da 35,000 da aka cuta. Kamaru tana cikin ƙasashen, inda aka kama wani gungu da ake zargi da janyo mutane daga ƙasashe 7 da alkawarin aiki, a karɓi kuɗin rajista a hannunsu, sannan a tsare su a tilasta musu su yaudaro wasu. Duk kuɗin da aka ambata a cikin waɗannan alƙaluma sai da suka bi ta hannun wani ko ta asusun wani kafin masu satar su ci moriyarsu.

Shari'ar Ramon Abbas, wanda duniya ta sani da Hushpuppi, ta nuna haka ƙarara. An kama shi a Dubai a watan Yunin 2020, sannan a Nuwamban 2022 wata kotun tarayya a Los Angeles ta yanke masa ɗaurin wata 135, kuma laifin da ya amsa da bakinsa shi ne haɗa baki wajen halatta kuɗin haram. Babban aikinsa shi ne samar da asusun da za a zuba kuɗin da aka sato, har da waɗanda masu kutse suka kwasa daga wani banki a tsibirin Malta a 2019. Haka abin ya kasance a satar da aka yi wa babban bankin Bangladesh a Fabrairun 2016, inda masu kutsen suka aika da umarnin fitar da kusan dalar Amurka biliyan 1, aka tare mafi yawan kuɗin, amma miliyan 81 suka isa wasu asusu a Manila, daga nan aka bi da su ta gidajen caca, kuma kaɗan ne daga ciki aka iya dawowa da su. Waɗannan asusun an buɗe su ne da sunayen ƙarya watanni da dama kafin a yi satar. Ɓarawon zamani yana fara tanadin wurin sauke kaya ne tukuna, sannan ya fita sata.

Wani zai ce me ya haɗa Garwa da Manila, mu da ba mu da irin waɗannan gidajen caca ko manyan bankuna. Amsar tana cikin yadda muke kasuwanci. Tun zamanin fatake da ayarin goro cinikin Bahaushe ya ginu a kan amana, kuma har gobe haka yake. Ɗan kasuwa yakan miƙa sefa ga ɗan canji a babbar kasuwar Garwa, a buga waya ɗaya, kafin ya koma shagonsa yaronsa ya karɓi naira a Mubi ko a Kano, alhali ko takardar kuɗi ɗaya ba ta ƙetare iyaka ba. A kasuwar shanu ta Adumri ko ta Bogo miliyoyi suke sauya hannu a yini guda, shaidarsu kuwa dillali ne da kalmar "na sallama". Ina alfahari da wannan tsari, domin shi ne ya riƙe cinikin yankin nan a garuruwan da banki bai taɓa buɗe reshe ba. Sai dai abubuwan da suka sa ya amfane mu, wato sauri da tsabar kuɗi da ƙarancin takarda da kuɗin ƙasa biyu da ake musanyawa a bakin iyaka, su ne ainihin abin da mai son ɓatar da sawun kuɗi yake nema. Da zarar kuɗin sata sun fita daga waya sun zama tsaba, suka koma naira, suka zama shanu ko babura, aka sayar aka dawo da su sefa, to mai bincike ya rasa inda zai kama.

Matakin farko na wannan aiki yana hannun matasanmu, kuma da ƙaramar magana yake farawa. Ɗalibi ne ko ɗan acaba ko yaron shago, sai wani da suka saba gaisawa ya tare shi ya ce: "Abokina, layina ya cika, kuma za a turo mini kuɗi yanzun nan. Ba ni lambarka su shigo, ka cire ka ba ni, ka riƙe jaka biyar." Jaka biyar a aikin da bai fi tafiya bakin titi ba tana da nauyi a idon wanda ya yini cikin rana bai samu rabinta ba. Sai ya yi sau ɗaya, ya yi sau biyu, sai a ce ya buɗe asusu a banki ko a ƙaramar cibiyar ba da rance, za a biya masa kuɗin buɗewa, ya miƙa katin cire kuɗin da lambar sirri. Daga baya a ce ya kawo layukan ƙannensa da na mahaifiyarsa. Wani lokacin ma mai sunan bai san ana aiki da sunansa ba, domin an ɗauki hoton katinsa ne da sunan za a sa shi a jerin masu karɓar tallafi, aka je aka yi rajistar layi da shi.

Duk mai zama kusa da rumfar masu turawa da cire kuɗi ta waya ya ga yadda sauran aikin ke tafiya. Ga laima, ga ƙaramin tebur, ga wayoyi biyu da littafin lissafi. Yaro ɗaya ne zai zo da safe da layuka huɗu ko biyar, kowanne da sunan mutum dabam, ya cire daga kowanne adadin da bai kai iyakar da kamfani ya sa ba, ya cusa kuɗin a jakar rataye ya hau babur, da la'asar kuma ya dawo ya maimaita. Mai rumfar yana ganin sunan da ke fitowa a wayarsa na tsohuwa ne, mai cirewa kuwa saurayi ne da bai tara gemu ba. Idan an yi masa magana sai ya ce shi aikinsa ya ga saƙo ya shigo ya ƙirga kuɗi ya miƙa, kamashonsa kawai yake nema. Ban yarda da wannan uzuri ba. A kasuwar shanu, idan baƙo ya kawo saniya da tsakar dare yana neman ya sayar da ita rabin kuɗinta, babu dillalin kirki da zai taɓa igiyarta, kuma mahaucin da ya saya ya yanka kowa ya san sunan da za a kira shi da shi. Ba mu taɓa karɓar "ban tambaya ba" a matsayin hujja daga mai sayen saniyar sata ba, to ban ga dalilin da zai sa mu karɓe ta daga mai rumfar waya ba.

Abin baƙin cikin shi ne, wanda ya ba da aron sunansa shi ne na farkon shiga hannu. Sa'ad da wanda aka cuta ya kai ƙara aka bi sawun kuɗin, sunan da ke rubuce a wurin kamfanin waya ko a banki shi jandarmomi za su nema, shi kuwa uban tafiyar sau da yawa yaron bai san shi ba sai da wani laƙabi a WhatsApp ko Telegram, kuma lambar tana mutuwa a ranar da aka yi kamen. Sai ka ga dattijo tsaye a ƙofar ofishin jandarma yana cewa: "Ranka ya daɗe, yaron nan bai saci kuɗin kowa ba, aron layi kawai ya bayar." Gaskiya dattijon yake faɗa iya saninsa, amma doka ba ta tsaya a nan ba. Dokar yaƙi da halatta kuɗin haram da ƙasashe 6 na ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, CEMAC, suka amince da ita a watan Afrilun 2016, wadda ta haɗa Kamaru da Chadi, ta ɗauki mai sauya dukiyar laifi da mai ɓoye ta da mai riƙe ta da mai taimakawa a kan haka duk a matsayin masu laifi, ta tanadi a wancan lokaci ɗaurin shekara 5 zuwa 10 tare da tara, ta kuma ba alƙali damar ya fahimci cewa mutum ya san abin da yake yi daga yanayin da abin ya faru. Wanda ake biyansa don kawai kuɗi su ratsa ta layinsa zai sha wuya kafin ya gamsar da kotu cewa bai zargi komai ba.

Matakin da ya fi damuna kuwa yana sama da waɗannan yara, a wurin mutanen da ake girmamawa. Tun da babban bankinmu na BEAC ya tsaurara dokokin canjin kuɗin waje, waɗanda suka fara aiki a 2019, ɗan kasuwar da ke son biyan mai kaya a Dubai ko Guangzhou sai ya tara takardu ya jira banki, kuma da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu ba su da cikakkun takardun da ake nema. Wannan ƙishirwar dalar ita ce ƙofar da masu kuɗin sata ke shigowa ta ciki. Wani zai zo ya ce zai biya mai kayan a can waje, da dala ko da kuɗin intanet irin USDT, shi kuma ɗan kasuwa ya ba shi sefa a nan, a kan farashin da ya fi na kasuwa sauƙi. Ko kuma a juya abin, ɗan kasuwa ya ba da kaya ko tsabar kuɗi, a biya shi ta waya daga lambobi goma sha waɗanda bai taɓa hulɗa da masu su ba. Idan ya ɗaga gira sai a ce masa: "Alhaji, kada sunayen su dame ka, duk mutanenmu ne." Kaya su iso, wayoyi ne ko tayil ko atamfa ko kayan gyaran babur, a sayar a kasuwa a idon kowa, kuɗin da aka sato daga wata tsohuwa a Faransa ko wani kamfani a Amurka sun zama ribar shago mai rajista. Hukumar COBAC mai sa ido kan bankunan yankin ta hana bankuna da cibiyoyin biyan kuɗi hulɗa da kuɗin intanet tun a watan Mayun 2022, jim kaɗan bayan Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta halatta Bitcoin, amma cinikin da ake yi tsakanin mutum da mutum a cikin waya bai tsaya ba.

Ɗan kasuwar da ya karɓi irin wannan tayi yakan gaya wa kansa cewa sa'a ya taka. Alhali babu wanda ya fi shi sanin cewa ba a sayar da dala ƙasa da farashinta don Allah. Mai kuɗin sata a shirye yake ya yi asarar wani kaso na abin da bai sha wahalar nemansa ba, muddin sauran zai dawo masa da tsabtatacciyar fuska, kuma wannan asarar da ya yarda da ita ita ce rangwamen da Alhaji yake murna da shi. Illar ba ta tsaya a kan wanda aka sata ba. Maƙwabcin shagon da ya bi ta banki ya biya kuɗin canji cikakke ba zai iya sayar da kayansa a farashin wanda ya samu dala mai araha ba, sai ya zauna yana kallon masu saye suna wuce shi, har ya fara tunanin ko shi ne bai iya kasuwa ba. Haka abin yake a harkar filaye: mai neman inda zai binne kuɗi ba ya ciniki, duk abin da aka yanka masa biya yake yi, gobe kuma malamin makaranta da ya shekara goma yana adashi don ya sayi fuloti sai ya tarar farashin unguwar ya tsere masa.

Akwai wata magana da nake ji a bakin matasa, har da wasu masu ilimi, cewa ai Turawa ake cuta, su kuma sun daɗe suna kwasar arzikinmu, don haka ramuwa ce. Zaluncin mulkin mallaka gaskiya ne, kuma kakanninmu a wannan yanki sun ɗanɗana shi a hannun Jamus da Faransa. Amma tsohon da ya yi ritaya daga aikin masana'anta, aka yaudare shi da soyayyar ƙarya aka kwashe ajiyarsa, ba shi ne ya ci ƙasarmu da yaƙi ba, kuma babu malamin da zai ba da fatawar cewa dukiyar wanda ba Musulmi ba halal ce ga mai yaudara. Sannan maganar ma ba ta dace da abin da muke gani ba. Saƙon ƙarya da ke shigowa cewa an turo maka kuɗi bisa kuskure ka taimaka ka mayar, da kiran da ake yi da sunan ma'aikacin kamfanin waya ana neman lambar sirri, da shafukan Facebook da ake buɗewa da sunayen ministoci ana sayar da guraben aiki, duk ba Bature suke nufa ba. Mai tuyar ƙosai suke nufa, da manomin auduga da ya karɓi kuɗin kakarsa, da uwar da ta sayar da akuyarta don ɗanta ya samu aiki. Dubban 'yan Kamaru ne suka zuba kuɗinsu a shirin MIDA da hukuma ta rufe a Yawunde a 2018, wasu dubban kuma a Liyeplimal da ya yi musu alkawarin riba daga kuɗin intanet. Layin da aka ara don karɓar kuɗin Bature shi ne dai za a yi amfani da shi gobe a karɓi na mai ƙosai, domin mai aron ba shi ne ke zaɓen wanda za a cuta ba.

Ƙasar Kamaru ta taɓa ganin irin wannan a shekarun 1990, lokacin da 'yan damfarar da ake kira feyman suka yi tashe, ana yi musu waƙa ana tarbarsu a manyan wurare, kuma mafi shahararsu, Donatien Koagne, ya ƙare rayuwarsa a kurkukun ƙasar Yaman. Abin da ya ba su ƙarfi a wancan lokaci shi ne karɓuwa a wurin jama'a, kuma shi ne abin da magadansu na intanet suke saye a yau. Kuɗin haram ba su gama ɓuya ba sai ranar da mai su ya zauna a sahun gaba a wurin ɗaurin aure, maroƙi ya wasa shi, kwamitin masallaci ya karanta sunansa a lasifika saboda ya ba da siminti buhu ɗari, ya biya wa iyayensa kujerar Makka, unguwa ta fara kiransa da sunan girma. A da, idan saurayi ya zo neman aure, waliyyai sukan aika a binciki asalinsa da sana'arsa, kuma amsar "yana harkoki" ba ta isa a ba shi 'ya ba. Yanzu mota ce ke amsa tambayar tun kafin a yi ta. Uwa tana ganin ɗanta da bai da shago bai da ofis yana kwana a kan waya, ya wayi gari ya canza mata rufin ɗaki, sai ta sa masa albarka ta yi shiru, saboda tana tsoron amsar da za ta ji.

Addininmu bai bar wannan a duhu ba. A aya ta 2 ta Suratul Ma'ida an umarce mu da taimakon juna a kan alheri da taƙawa, an hana mu taimakon juna a kan zunubi da ƙetare iyaka, kuma ba da aron asusu ga mai damfara taimako ne kai tsaye. A hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah mai tsarki ne, ba ya karɓa sai mai tsarki, sannan ya ambaci matafiyin da ke ɗaga hannu yana addu'a alhali cinsa da shansa da tufafinsa haram ne. Limamanmu suna karanta waɗannan a kan mumbari, amma ina so in ji sun kira abin da sunan da matasa suka san shi da shi, su ce aron layi, su ce karɓar dala mai araha, su ce cire wa wani kuɗi da layin da ba nasa ba. Ina so kuma kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya su sami ƙarfin halin mayar da gudummawar da suka san tushenta ba shi da kyau, ko da ginin zai ƙara shekara bai kammala ba.

Ba ina kira ne a riƙa zargin duk matashin da Allah ya buɗa wa ba. Akwai yaranmu da ke samun halal ta intanet, masu rubuta manhaja da masu zane da masu sayar da kilishi da turare da huluna ga mutanen Duwala da ƙasashen waje, kuma zaluntarsu ne a haɗa su da 'yan damfara don kawai aikinsu a waya yake. Hassada ma tana nan, takan sa a ɓata sunan wanda bai ji ba bai gani ba. Amma tambaya daban take da tuhuma. Uba yana da haƙƙin ya zaunar da ɗansa ya ce: "Ɗana, nuna mini aikin nan naka, wa ke biyanka, kuma a kan me?" Mai sana'ar gaskiya yana jin daɗin wannan tambaya, zai buɗe wayar ya nuna abin da ya yi da wanda ya saya. Wanda ya fusata ko ya shiga kwana-kwana ya riga ya ba da amsa.

Idan muka ƙi yin wannan gyara da kanmu, za a yi mana shi daga waje ta hanyar da za ta haɗa mai laifi da marar laifi. A watan Yunin 2023 hukumar GAFI, wadda ke sa ido kan safarar kuɗin haram a duniya, ta sa Kamaru a jerin ƙasashen da ake ƙara sa wa ido, watanni kaɗan bayan ta sa Najeriya a Fabrairun shekarar. Ma'anar haka a aikace ita ce bankunan waje su ƙara bincike a kan duk kuɗin da ya fito daga wurinmu, kuma wanda zai ji a jikinsa shi ne mai biyan kuɗin makarantar ɗansa a waje, da mai kai marar lafiya Indiya ko Masar, da ɗan kasuwar da ke bin ƙa'ida. Ga kuma batun tsaro, wanda mu a nan ba labari ake ba mu ba. Hanyar da ke ɓatar da sawun kuɗin damfara ita ce ke iya ɓatar da na fansar da masu garkuwa da mutane ke karɓa a dazukan Adamawa da Mayo Rey da Mayo Kebbi, da na masu tayar da ƙayar baya a gefen Tafkin Chadi. Mun ga abin da ya faru a 2016, sa'ad da gwamnatin jihar Borno ta dakatar da ciniki a wasu kasuwannin shanu, ciki har da ta Gamboru, saboda zargin ana sayar da shanun da Boko Haram ta sato. Ba a tsaya tantance dillalin kirki da na banza ba, kowa aka rufe wa kasuwa. Ranar da hukumomi suka yanke cewa canjin amana da muke yi ya zama magudanar kuɗin laifi, irin wannan hukuncin za su yi masa.

Hukuma ma tana da nata babban kason na laifi. Dokoki kam akwai su: Kamaru ta yi dokar tsaron intanet da laifukansa tun Disambar 2010, tana da hukumar ANTIC mai kula da fannin, tana da ANIF mai binciken hada-hadar kuɗi tun 2005, Chadi ta yi tata dokar a 2015, yankin kuma yana da GABAC mai yaƙi da halatta kuɗin haram. Amma matar da aka kwashe wa jari a Gidar ko Mora ba ta san ko ɗaya daga cikinsu ba. Kuɗinta suna barin layin farko cikin mintoci, takardar da za a rubuta wa kamfanin waya a nemi bayani kuwa tana ɗaukar kwanaki, kafin amsa ta dawo an cire kuɗin an jefar da layin. Abin da ake buƙata shi ne lamba ɗaya da kowa ya haddace, wadda za a kira nan take a daskarar da kuɗin kafin a cire su, da mai amsawa da ke jin Hausa da Fulatanci da Larabcin Shuwa da Barbarci, da kuma faɗakarwa a gidajen rediyon da mutanen karkara ke saurare. Kamfanonin waya suna ganin layin da bai taɓa riƙe jaka goma ba ya wayi gari yana karɓar miliyoyi daga baƙin lambobi, suna kuma ganin rumfar da irin waɗannan layuka ke taruwa a kanta, don haka suna da abin da za su tsayar da shi idan an tilasta musu.

Akwai kuma wata matsala da ba a cika haɗa ta da wannan batu ba, wato katin ɗan ƙasa. Mutane da yawa a arewacin ƙasar nan ba su da takardar haihuwa, wasu kuma sun shekara da shekaru suna yawo da takardar wucin gadi suna jiran kati. Tun da ba a rajistar layi sai da shaida, sai ya zama ruwan dare mutum ya yi amfani da layin da aka buɗe da sunan wansa ko maƙwabcinsa, ba da wata mugunyar niyya ba. Wannan ne ya sa aron suna ya zama abin da ba a jin nauyinsa, har mai damfara ya samu inda zai fake a cikin taron masu buƙata ta gaskiya. Duk gwamnatin da ke son ta hukunta mai ba da aron suna, wajibi ne ta fara sauƙaƙa wa kowa samun nasa. Kuma kamen kada ya tsaya a kan 'yan acaba da ɗalibai. Dillalan filaye da masu sayar da motoci da masu hatimce takardun ciniki da ma'aikatan banki da ke rufe ido su ne ke karɓar kaso mafi tsoka, haka nan jami'in da ya wawure kuɗin gwamnati ta irin waɗannan hanyoyin yake bi ya mayar da su gidaje, kuma matasa suna kallo suna koyo.

A cikin kasuwa kuwa ba sai mun jira Yawunde ko Njamena ba. Sarakunan kasuwa da shugabannin 'yan canji da na masu rumfunan waya suna da ikon da jandarma ba shi da shi, domin su ne ke ba mutum wurin zama, su ne kuma ke iya tashinsa. Za su iya yanke shawara a tsakaninsu cewa ba a karɓar biya daga lambar da ba ta abokin ciniki ba sai ya bayyana mai ita, ba a cire wa mutum kuɗi daga layin da ba sunansa ba sai an san dangantakarsu, kuma duk babban canji sai an rubuta sunan mai shi da lambarsa da abin da zai saya, da boko ko da ajami. Dokar yankin ma ta riga ta wajabta bayyana tsabar kuɗin da suka kai sefa miliyan 5 idan za a ƙetare iyaka da su, don haka rubutun kariya ne ga ɗan canjin kansa ranar da bincike ya biyo ta kansa. Shi kuma yaron da ya riga ya ba da aron layinsa ko asusunsa, kada ya goge saƙonnin da ke wayarsa don tsoro, domin su ne shaidarsa. Ya daina karɓar komai daga yau, ya canza lambar sirri ko ya rufe asusun, ya sanar da mahaifinsa ko wani babba da ya amince da shi, su nemi shawarar lauya su kai bayanin ga hukuma da ƙafarsu kafin a zo nemansa.